A Gindin Wace Darbejiyar Za Mu Haɗu?

Kwanakin baya wani abokina ya zo Kano daga Gusau, ya kira ni a waya yana neman kwatancen gidanmu. Na ce masa idan ya sauka daga adaidaita ya miƙe layin, zai ga wata darbejiya, ya tsaya a gindinta ga ni nan fitowa. Bayan kusan rabin awa ya sake kira, murya a sama: "Malam, wai wane dogon yaro kake nufi? Tun da na sauka ban ga wani icce ba sai shi." Na fita nema, na same shi layi biyu gaba da namu, a gindin wata darbejiyar, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Muka yi dariya, muka wuce gida. Shi ya manta da zancen, ni kuwa ya tsaya mini a rai.

Dubi sunayen unguwannin Kano. Durumin Iya, Cediyar 'Yan Gurasa, Tsamiyar Boka, Kurnar Asabe, Kasuwar Rimi, Giginyu, Ɗorayi. Leƙa Sakkwato ka ji Gawon Nama, Ƙofar Marke, Ƙofar Kaɗe. A Kaduna ga Unguwar Rimi ga Kawo. A Borno gari guda, Kukawa, da sunan kuka aka san shi, kuma ya taɓa zama fadar Shehun Borno. Mutanen da suka raɗa waɗannan sunaye kwatance suke yi, kuma kwatancen yana kai baƙo inda za shi, domin durumi daban yake da cediya, cediya daban take da tsamiya, kowace tana da surarta da inuwarta da lokacin da take 'ya'ya. Yau ka je yawancin waɗannan wurare ka tambayi yaro ina bishiyar da unguwarsu ta ci sunanta, sai ya tsaya yana kallonka. Sunan ya rage, bishiyar ta tafi, abin da ke tsaye a wurin darbejiya ce, idan ma akwai wani abu a tsaye.

Kafin wani ya ce ina butulci, bari in ba darbejiya haƙƙinta. Baƙuwa ce daga yankin Indiya, a zamanin Turawa aka shigo da ita, kuma a Najeriya lardin Borno ne ya fara karɓarta a 1928. Ta zo ta zauna har kowane gari ya ba ta sunansa: darbejiya, dogon yaro, maina, bedi. Tana jure fari, tana girma da sauri, ɗacinta yana sa dabba ta yi mata kallon nesa sai idan yunwa ta kai mata karo. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, kwalta na narkewa, ita ce ke tsaye da ɗanyen ganye, furenta na ƙamshi da daddare. Ba don ita ba, da Maiduguri ba ta zama garin inuwa ba. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, layukan darbejiya da aka fara dasawa a 1975 su suka kare gonaki daga iska. Mai shayi, mai faci, mai wankin takalmi, ɗalibin da ke bitar karatu, 'yan majalisar yamma, duk a ƙarƙashinta suke. Wanda ya raina darbejiya bai taɓa jiran mota da tsakar rana a tasha ba.

Damuwata ita ce mun ɗora mata kayan gari gaba ɗaya, ita kaɗai, kamar jakin da ba shi da mai canjinsa.

An taɓa yi mana gargaɗi, mun manta. A shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai maƙalewa a ganye yana tsotse ruwansa ya far wa darbejiya a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi, ya yi ɓarna mai yawa. Wajen 1990 kuma aka fara ganin wata lalura a Nijar, ta bazu zuwa arewacin Najeriya da maƙwabta: ganye ya yi rawaya ya zube, reshe ya tsaya tsirara sai ɗan tuntun ganye a can ƙarshensa, har masu bincike suka kwatanta shi da wuyan raƙumin dawa. Masana sun fi jingina abin ga fari da wahalar ƙasa, kuma sun ja hankali ga wani abu da ya fi tayar mini da hankali. Darbejiyar da ke Afirka ta Yamma kusan duk jikokin 'yan tsirarun iri ne da aka shigo da su tun farko. Wato jininsu ɗaya. Abin da ya kayar da ɗaya yana iya kayar da dubu. Wancan karon Allah ya kiyaye, da yawa suka farfaɗo. Wa ya ba mu tabbacin karo na gaba?

Ƙasashen da suka fi mu kuɗi da masana sun sha wannan ɗaci. A garuruwan Amurka akwai wata bishiya da suke kira elm, wadda suka jera a kan tituna har rassan ɓangare biyu suna haɗuwa a sama kamar rumfa. Wajen 1930 wata cuta da ƙwaro ke yaɗawa ta shiga ƙasar, ta bi titi titi, saboda bishiyoyin iri ɗaya ne kuma saiwoyinsu a haɗe suke a ƙarƙashin ƙasa. A Ingila wannan cuta ta kashe sama da bishiya miliyan 25 daga ƙarshen shekarun 1960. Abin dariya, ko in ce abin kuka, garuruwa da yawa a Amurka da suka rasa elm sai suka cike gurbinta da wata bishiya guda, ash. A 2002 aka gano wani koren ƙwaro daga Asiya a jihar Mishigan, shi ma ya bi ash ɗin ya kashe miliyoyi. Sau biyu rami ɗaya. Kusa da mu, a Afirka ta Kudu, an gano wani ƙwaro mai huda itace a 2017, kuma birnin Johannesburg, da ke alfahari da yawan bishiyoyinsa, yana ta sare waɗanda suka kamu.

Daga irin wannan asara ne wani masani Ba'amurke, Frank Santamour, ya ba da shawara a 1990 wadda masu kula da bishiyoyin birane suke yawan ambata: kada iri ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na bishiyoyin gari, kada 'yan ɗaki ɗaya su wuce kashi 20, kada dangi ɗaya ya wuce kashi 30. 'Yan ɗaki ɗaya kamar durumi da cediya da ɓaure da gamji ne, ko kurna da magarya. Dangi kuwa ya fi faɗi: tsamiya, ɗorawa, gawo, bagaruwa da ƙirya duk dangin wake ne. Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, maɗaci da darbejiya dangi ɗaya ne, saboda haka wanda ya ce zai tsere wa darbejiya ya cika titi da maɗaci bai yi nisa ba. Ba na cewa wannan lissafi wahayi ne. A ƙasa mai ƙarancin ruwa irin tamu, inda bishiyoyin da ke iya rayuwa a bakin kwalta ba su da yawa, kashi 10 na iya yin tsauri. Amma ka fita layinku da yamma, ka ƙirga bishiya ashirin na farko da ka gani, ka rubuta sunan kowace. Ba sai na faɗa maka sakamakon ba.

Abin haushin shi ne ba ma bukatar Ba'amurke ya koya mana wannan. Kakana manomi ne, bai taɓa shiga aji ba, amma bai taɓa shuka gonarsa da abu ɗaya ba. Gero a nan, dawa a gicciye, wake a tsakani, gyaɗa a gefe, yakuwa da kuɓewa a kan iyaka. Idan ruwa ya ɗauke da wuri gero ya tsira, idan ya yi yawa dawa ta yi, idan tsutsa ta ci wake gyaɗa na nan. A cikin gonar kuma ga gawo, ga ɗorawa, ga kuka, ba wanda ya isa ya sa musu gatari. Ɗan irin wannan manomin ne ya yi boko, ya zama babban ma'aikaci, aka ba shi aikin dashen gari, ya sayo iri ɗaya dubu goma.

Yanzu ma darbejiyar ta fara zama ta talakawa. A sababbin unguwanni, gidajen masu hali da gidajen mai da harabar makarantun kuɗi, abin yayi shi ne wata siririyar bishiya mai tsayi kamar tsinke, ganyenta a lanƙwashe yana kallon ƙasa, wadda masu sayar da furanni ke kira maskwared. Hausawa sun yi wa giginya gorin inuwarta na nesa ka sha, to ita giginya ko ba komai tana ba da 'ya'ya da muruci da azara. Wannan kuwa ko akuya ba za ta fake a gindinta ba. Sai kuma mai rassa hawa hawa kamar lema, wadda ita aƙalla tana da inuwa, da itacen turare da ke shan ruwa kamar raƙumi. Ba haramun ba ne mutum ya ƙawata ƙofar gidansa. Sai dai idan malamai suna kwaɗaitar da mu dashe suna kawo hadisin da ke cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga ciki, to sadaka ce gare shi, sai in tuna cewa an ambaci masu ci har uku. Ina yaro, a cediyar ƙofar gidan kakana na san hasbiya da kurciya da jemage, a ɗinya na san baƙin baki, a kanya na san faɗowa daga sama. Yaron da ya tashi tsakanin katanga da maskwared, me zai ci, wane tsuntsu zai gani?

Na san abin da za a ce, domin an faɗa mini a fuska. Na farko, aljanu. Ka ce za ka dasa tsamiya ko kuka a ƙofar gida, nan da nan tsofaffin mata za su ce za ka jawo wa yara mutanen ɓoye. Ba zan tsaya musu da kowa a kan gaibu ba. Abin da na sani shi ne matar da ke tsoron tsamiya ita ce ke aiken yaro ya sayo mata tsamiyar kunu duk azumi, kuma miyar kuka ba ta yanke a tukunyarta. Idan gida ya gagara, ai ga makarantu, ga filayen idi, ga maƙabartu, ga harabar asibitoci da sakatariyoyi, ga gefen kududdufai. Maƙabarta ma ita ce wurin da tsofaffin itatuwan gida suka fi tsira a birni, don can ne kaɗai mai gatari ke jin nauyi.

Na biyu ya fi ƙarfi, kuma gaskiya ne: saiwa. Durumi da cediya da gamji suna fasa katanga, suna shiga masai, suna ɗaga daɓe. Rimi idan ya tsufa yana yar da reshe mai kashe mutum. Kuka tana tsirara daidai lokacin da ake neman inuwa. Aduwa da bagaruwa kuwa ga ƙaya. Mangwaro a bakin titi gayyar jifa ce, gilashin motar wani zai biya. Duk na yarda. Amma wannan ai shi ne aikin, a san wace bishiya ta dace da wane wuri. Ba a sa gamji a lungu mai faɗin taku huɗu, a kai shi tsakiyar fili inda zai baje, shekara ɗari yana tara jama'a. Ƙarƙashin wayar lantarki a sa gajere irin magarya ko zogale, a daina dasa dogo sannan a zo ana yi masa askin wulaƙanci duk shekara. Babban titi mai faɗi ya ɗauki maɗaci da tsamiya da marke da kanya a cakuɗe. Gawo, da yake shi da rani yake ganye ya zubar da damina, ya dace da filayen da ake neman inuwar rani. Likita ba ya rubuta wa duk wanda ya shigo magani ɗaya don kawai shi ne mai araha.

Na uku, jinkiri. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, kanya ma ba ta gaggawa. Ɗan siyasa mai wa'adin shekara huɗu yana son abin da zai nuna a hoto kafin zaɓe. To a haɗa mana. A dasa mai sauri ta riƙe wuri, a sa mai jinkiri a tsakani, ranar da ta kai a rage mai saurin. Kuma ba duk na gida ne ke da nawa ba. Durumi da cediya reshe ake sara a kafa da damina, reshen da ya fi ƙarfin bakin akuya tun ranar farko, haka kakanninmu suka cika ƙofofin gidaje da su ba tare da kasafin kuɗi ba. Magarya mai aure, wadda ake yi wa dashen reshen irin Indiya, tana ba da manyan 'ya'ya cikin ɗan lokaci, manoman Nijar da Mali sun san ta.

Sai dai duk wannan zance ne na zaɓen iri. Inda muka fi faɗuwa shi ne bayan an dasa. Kowace damina ana bikin dashe: rumfa, kujeru, makaɗa, babban baƙo ya durƙusa da farar shadda, a miƙo masa butar ban ruwa mai ƙyalli, a ɗauki hoto. A sanar da miliyoyin da za a dasa. Ban taɓa jin an kira taro a watan Maris an ce ga adadin da suka rayu ba. Dashen Agusta kowa ya iya, sama ce ke ban ruwa. Jarrabawar tana zuwa ne daga hunturu zuwa bazara, wata bakwai ko fiye babu ɗigo, ga awaki a sake, ga yara, ga mai shara da ke tara bola a gindin bishiya ya cinna wuta, ga bakanike da ke juye baƙin mai a saiwarta, ga mai shimfiɗa bulon daɓe da ke shaƙe ta har wuya ba ramin da ruwa zai shiga. Tsofaffin maɗatan da Turawa suka jera a unguwannin Nasarawa na garuruwanmu kuwa, masu neman magani sun ɗaye musu ɓawo zagaye, kuma bishiyar da aka ɗaye wa ɓawo zagaye ta mutu, ko da za ta yi shekara tana tsaye.

Ga kuma faɗaɗa titi. Ba na adawa da gada ko kwalta. Amma bishiyar da ta yi shekara 70 ana kayar da ita cikin awa ɗaya, a ce za a maye gurbinta da goma. Goma ɗin 'yan tsirrai ne a leda, rabinsu ba za su ga bazara ba, sauran kuma sai jikokinmu za su sha inuwarsu. Sau da yawa da an karkatar da magudanar ruwa taku biyu da an bar ta. Yamai ma ta ga irin nata: ɗamarar itatuwan da aka fara kewaye birnin da ita a 1965, mai faɗin sama da hekta 2,000, yawancinta darbejiya, masu yanka filaye sun yi ta gutsurarta, a ƙasar da tun 1975 ta mai da 3 ga Agusta ranar dashen itace.

Kuɗi ba su ne suka fi ƙaranci ba. Akwai hukumar Babbar Koriyar Ganuwa, mai aikin dashen itatuwa don tare hamada, da aka kafa a 2015, akwai shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace mai suna ACReSAL na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, akwai cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa mai rassa a Kano da Samaru. Abin da nake so in gani ƙarami ne a kan wannan. A fara da ƙidaya: ɗaliban sashen gandun daji na jami'o'i da kwalejojin aikin gona su bi unguwa unguwa da waya a hannu, su rubuta kowace bishiya, irinta, kaurinta, lafiyarta, mai unguwa ya sa hannu. Wanda bai san abin da ke rumbunsa ba ba zai san ranar da aka yi masa sata ba. Duk ɗan kwangilar dashe kada a biya shi cikon kuɗinsa sai bishiyar ta ga bazara biyu. A rubuta a takardar kwangila iri nawa ake so, domin mai gidan reno abin da ake saya yake renowa. Na tambayi wani dattijo da ke sayar da dashe a bakin titi ko yana da kanya ko ɗinya, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai kai ne na farko da ya tambaya bana. In na reno su wa zai saya?" Gaskiyarsa. Irin tsamiya da na kuka sai an jiƙa ko an ɗan kankare su kafin su tsiro da wuri, ƙwallon kaɗanya kuwa idan ya kwana biyu a ajiye ya mutu. Aiki ne mai son sani da haƙuri, ba zai yi shi don Allah-ya-sa-a-saya ba.

Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna wata hanyar da ta fi wannan araha. Tun shekarun 1980, da ƙarfafawar wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gonakinsu, suna zaɓar mai ƙarfi su gyara shi su bar shi ya girma. An ƙiyasta bishiyoyi kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, yawancinsu ba wanda ya dasa. Garuruwanmu kullum cin gonaki suke yi. Filin da aka yanka jiya a bayan gari yana da gawonsa da ɗorawarsa da kukarsa, manya, a tsaye, kyauta. Abu na farko da mai fili ke yi shi ne kiran masu gatari, ya sayar da itacen ga gidan burodi, ya yi gini, sannan ya je ya sayo maskwared. Da hukumar tsara birni za ta sa waɗannan bishiyoyi a taswira kafin ta yanka fili, ta bar musu gurbi a matsayin mahaɗar layi ko ɗan dandali, da sababbin unguwanni sun samu abin da za a kira su da shi ban da lambar fuloti.

Ni dai bara na jiƙa 'ya'yan tsamiya na shuka a ledar ruwa, uku suka fito, ɗaya ta rayu. Da damina na dasa ta a gefen masallacin layinmu, na kewaye ta da tsofaffin bulo da ƙayar aduwa, na roƙi ladan ya riƙa juye mata ragowar ruwan alwala. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta tsaya ta daɗe tana kallonta, ta ce, "Ɗan nan, tsamiya ce fa." Na ce, "Ita ce, Inna." Ta girgiza kai ta wuce. Bayan kwana biyu na hango jikanta yana zuba mata ruwan wankin shinkafa, ya ce Inna ce ta aiko shi. Yanzu ta kai gwiwata, kuma akuyar gidan liman ta riga ta gano inda bulo ɗaya ya goce.